Filin Tambaya da Amsa: Haɗuwar Makaɗan Jaz na Turai da Amurka a Dandamali Ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kalli bikin jaz na Montreux da ke Suwizalan a talabijin, na ga an haɗa makaɗan Amurka da na Turai, aka ce wasunsu ranar suka fara ganin juna. Ta yaya mutanen da ba su taɓa gwaji tare ba za su yi kiɗa bai wargaje ba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ba siddabaru ba ne. Akwai ɗaruruwan tsofaffin waƙoƙi da kowane makaɗin jaz ya haddace, ko a New York ya tashi ko a Kopenhagen, kuma yawancinsu ƙira biyu ce. Ta farko gaɓa 12 (gaɓa ita ce ɗan yankin kiɗa mai ƙayyadadden adadin bugu), ƙirar salon kiɗan da ake kira bulus ke nan. Ta biyu gaɓa 32, kashi huɗu masu gaɓa takwas-takwas: a yi kashin farko, a maimaita shi, a shiga wani dabam da ake ce wa gada, sannan a koma na farko. Kafin a fara, abu uku kawai shugaba zai faɗa: sunan waƙa, matakin muryar da za a ɗauke ta, da saurinta, wanda yake nunawa da ƙyasta yatsu.

Sai a busa karin waƙar tare sau ɗaya. Daga nan kowa ya karɓa bi da bi yana ƙirƙirar nasa a kan gaɓoɓin nan, mai fiyano da mai bes (ƙaton gogen nan da ake tsayarwa a ƙasa) da mai ganga suna riƙe masa lissafi. Kusa da ƙarshe sukan yi musayar gaɓa huɗu-huɗu da mai ganga. Idan shugaba ya dafa kansa, kowa ya san a koma karin farko a rufe.

Inda ake samun tangarɗa shi ne takarda. A Jamus, harafin B a rubutun kiɗa yana nufin sautin da ke ƙasa da B na Amurka da rabin mataki, shi kuwa B na Amurka H suke rubuta shi. Faransawa da Italiyawa kuma da do, re, mi suka saba. Ga shi tarampet da saksofon tena takardarsu dabam, saksofon alto tasa dabam, domin sautin da suke fitarwa ba shi ne rubutaccen ba. In aka miƙa wa mai alto takardar mai fiyano, tun a gaɓar farko za a ji an rabu. Shi ya sa mai shirya taro mai hankali yake tura takardu uku na kowace waƙa.

Cuɗanyar ma ta daɗe. Dexter Gordon, Ba'amurke mai busa saksofon, ya zauna a Turai daga 1962 zuwa 1976, galibi a Kopenhagen, inda ya riƙa kiɗa da mai bes ɗan Denmark, Niels-Henning Ørsted Pedersen, tun wannan yana matashi.

Tambaya: Shin da kayan kiɗansu suke ƙetare teku, ko can ake ba su?

Amsa: Rabi da rabi. Mai busa ba ya rabuwa da abin busarsa, da shi yake shiga jirgi. Mai ganga yakan ɗauki faya-fayan tagullarsa da sandunansa, wani lokaci da ƙaramar ganga, sauran a tanadar masa. Fiyano da bes kuwa masu biki ke hayowa, bisa takardar buƙatu da makaɗi ya aiko tun da wuri.

Matsala ta farko saiti. A Amurka ana saita sautin A a kan girgiza 440 a daƙiƙa, a wurare da yawa na Turai kuwa 442. Tazarar kamar ba komai, amma idan sautukan biyu suka haɗu za a ji suna kaɗawa sau biyu a daƙiƙa, kuma kunnen makaɗi ba ya yafe wannan. Mai saksofon sai ya ƙara tura bakin busar ciki, mai tarampet ya matsa bututun saiti. Fiyano mai tsirkiya wajen 230 ba a ɗaga shi cikin minti goma, kuma in an ɗaga yana son lokaci kafin ya zauna. Bibrafon kuwa, wato jerin ƙarafan da ake bugawa da sanduna, ba ya saituwa sam, yadda aka yanka ƙarafansa haka zai mutu. Don haka in yana cikin kayan, shi kowa ke bi, kuma da lambar girgizarsa ake sanar da mai saita fiyano.

Ta biyu wuta, kuma nan ne aka fi yin asara. Lantarkin Amurka bolt 120 ne mai juyawa sau 60 a daƙiƙa, na Turai bolt 230 mai juyawa sau 50. A jona amfilifayar Amurka kai tsaye, ta ƙone. Taransifoma na magance wannan, amma ƙarfin wuta kawai take sauyawa, ba ta taɓa yawan juyawar. Tsohon ogan na Hammond B-3 kuwa, wato kayan kiɗa mai maɓallai irin na fiyano da ke aiki da lantarki, da juyawar wuta motarsa ke auna sauti. A kawo na Amurka a kunna a Turai, zai sauka da kashi ɗaya cikin shida, A ɗinsa ya dawo wajen 367, kusan rabin mataki uku ke nan. Ko dai a hayo wanda aka ƙera domin Turai, ko a sa masa na'urar sauya juyawar wuta.

Tambaya: Montreux an ce 1967 aka fara, amma a 2016 suka yi shagalin 50. Ba 49 ba ke nan?

Amsa: Karo suke ƙirgawa, ba shekara ba. Na 1967, wanda Claude Nobs da abokansa suka shirya na kwana uku a Suwizalan, shi ne karo na 1, don haka 2016 ne na 50. Charles Lloyd, da ya yi kiɗa a na farko tare da Keith Jarrett, ya dawo a na 50 ɗin. Bikin jaz na Newport a Amurka ya girme shi, George Wein ya fara shi a 1954. Bikin North Sea kuma an fara shi 1976 a birnin Hague na ƙasar Holan, ya koma Rotterdam a 2006.

Tambaya: Wane ɓangare ya fi shan wahalar takardu?

Amsa: A ganinmu Baturen Turai mai zuwa Amurka. Bizar yawon buɗe ido ba ta halatta masa kiɗan kuɗi. Sai wanda ya gayyace shi ya shigar da takardar I-129 a hukumar shige da fice domin biza nau'in O ko P, kuma in aka makara an rasa ranar. Sannan ana riƙe kashi 30 cikin 100 na kuɗinsa a matsayin haraji, sai fa in ya ƙulla yarjejeniyar rangwame da hukumar haraji kafin wasan, ko yarjejeniyar ƙasashen biyu ta kare shi.

Kayan aiki masu yawa da takardar ATA, wato izinin shiga da kaya na wucin gadi ba tare da biyan fito ba, ake ƙetarewa da su, tana aiki shekara ɗaya, kuma dole kwastam su buga mata hatimi a shiga da fita, in ba haka ba a ɗauka an sayar da kayan a nemi kuɗin fito. Mai bes kuma ya duba bakan gogensa. In akwai hauren giwa ko ƙoƙon kunkurun teku a jiki, yana buƙatar shaidar CITES, wato ta yarjejeniyar kare dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, mai aiki shekara uku, domin ba tare da ita ba ana iya ƙwace shi a filin jirgi.