Amsoshin Tambayoyinku: Filaye da Sababbin Unguwannin Kaduna

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan a kan magana ɗaya suke, wato yadda garin Kaduna yake ta lashe gonakin da ke kewaye da shi, da halin da mai neman wurin kafa gida yake tsintar kansa a ciki. Mun zaɓi uku daga cikinsu, mun kuma taƙaita su saboda ƙarancin wuri.

TAMBAYA: Na zo Kaduna a zamanin da masaƙu ke aiki dare da rana, kuma a ɗaya daga cikinsu na yi aiki har aka rufe ta. A wancan lokacin idan mutum ya wuce Kawo ya shiga daji. Yau masaƙun sun mutu, amma gidaje sun kai Rigachikun suna neman Mararrabar Jos. Garin da masana'antunsa suka durƙushe, me yake jawo masa jama'a, kuma daga ina kuɗin wannan gini yake fitowa? Daga wani dattijo, Makera.

AMSA: Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Kaduna gari ne da aka fara zana shi a takarda kafin jama'a su cika shi. Turawan mulkin mallaka a ƙarƙashin Lugga ne suka zaɓi wurin, a ƙasar Gbagyi, daidai inda layin dogo ya ƙetare kogi, kuma a 1917 suka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru. Ba shi da ganuwa irin ta Zariya ko ta Kano da za ta nuna inda gari ya tsaya. Aikin gwamnati da barikin soja da jirgin ƙasa su ne suka fara tara mutane, sannan masaƙar farko ta buɗe a Kakuri a 1957, kamfanin harhaɗa motocin Peugeot ya biyo baya a 1975, matatar mai kuma a 1980. A 1967 wani Baturen Ingila mai tsara birane, Max Lock, ya miƙa wa gwamnatin Jihar Arewa tsarin da ya hango yadda garin zai kasance har zuwa 2017. Tsarin ya zo a shekarar da aka raba Arewa zuwa jihohi, don haka gwamnatin da ta ba da aikin ba ta zauna ta aiwatar da shi ba.

Abin da ya fi sauya fasalin garin bayan zamaninku, a ganina, shi ne rikicin shekarar 2000 da na 2002. Bayan su ne mutane da yawa suka sayar da gidajensu ko suka yi musaya, Musulmi suka karkata arewacin kogi, Kiristoci suka karkata kudu, kowa yana neman inda zai kwana da ido biyu a rufe. Iyalin da suka bar gidansu a tsakiyar gari ba kasafai suke samun wani a tsakiyar gari ba, sai dai su sayi fili a gefe. Ta haka Rigasa da Hayin Banki da Mando suka cika suka batse, ta haka kuma Sabon Tasha da Unguwar Romi da Gonin Gora suka miƙe. Gari ɗaya ya koma yana gina kusan komai sau biyu, kasuwa a nan kasuwa a can, makaranta a nan makaranta a can, alhali yawan masu aikin yi bai ninka ba.

A shekarun baya-bayan nan kuma rashin tsaro ya koro manoma daga Birnin Gwari da Giwa da ƙauyukan Igabi da Chikun, kuma wanda ya baro gonarsa da 'yan kuɗin shanun da ya sayar ba zai iya hayar Unguwar Rimi ba, bakin gari zai nufa. Jirgin ƙasan Abuja da ya fara aiki a 2016, da tasharsa a Rigasa, ya sa ma'aikacin da hayar Abuja ta fi ƙarfinsa ya ajiye iyalinsa a Kaduna. Aikin sabunta birni da gwamnatin Malam Nasiru El-Rufai ta ƙaddamar a 2019, wanda a cikinsa aka sake gina gadar Kawo, shi ma ya taka rawa, domin duk inda kwalta ta bi, farashin fili yana biye da ita.

Batun kuɗi kuwa, Baba, kaɗan ne daga cikin waɗannan gidaje aka gina da bashin banki. Kuɗin sallama ne na tsohon soja da tsohon ma'aikaci, da kwasar adashi, da ribar kasuwa, da abin da ɗa ya aiko daga wani gari. Tun da darajar naira ta riƙa zubewa, mutane suka mai da fili asusu, suna ganin gara a binne kuɗi a ƙasa da a bar su a banki suna narkewa. Shi ya sa idan ka zaga bayan gari za ka ga katanga ba gida, ko gini ya kai linta ya tsaya shekara biyar yana jiran kwano. Garin yana ƙara faɗi fiye da yadda yake ƙara cika, kuma ya bazu a ƙananan hukumomi huɗu, Kaduna ta Arewa da Kaduna ta Kudu da Igabi da Chikun, inda biyun ƙarshe, waɗanda asalinsu na karkara ne, su ne suke ɗauke da mafi yawan sababbin unguwannin.

TAMBAYA: Ni ma'aikaci ne, shekara goma sha ɗaya ina haya a Tudun Wada. Wani dillali ya nuna mini fuloti mai ƙafa hamsin sau ɗari a bayan Rigasa, a kusan rabin kuɗin da ake sayar da irinsa a awon gwamnati. Ya ce gonar gado ce aka yanka, kuma za a ba ni takardar ciniki da sa hannun mai unguwa da shaidu. Wannan takarda ta wadatar in fara gini? Daga wani mai karatu, Tudun Wada.

AMSA: Malam, ba ta wadatar ba, ko da yake ba takardar banza ba ce. Abin da take tabbatarwa shi ne an yi ciniki tsakaninka da wane a gaban shaidu, kuma mai unguwa ya san da maganar. Ba ta tabbatar da cewa wanda ya sayar maka yana da ikon sayarwa ba, ba ta kuma tabbatar da cewa hukuma ta yarda a yi gida a wurin ba.

Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna, a matsayin amana ga jama'a. Abin da mutum yake mallaka shi ne haƙƙin zama da amfani, wanda a cikin birni gwamna ne yake ba da shi ta takardar shaidar mallaka, galibi na shekara 99 idan gidan zama ne, a karkara kuma ƙaramar hukuma ce take ba da haƙƙin gargajiya. Dokar ba ta ba mai unguwa ko dagaci ko hakimi ikon ba da fili ba, duk da cewa shaidarsu tana da nauyi wajen sanin tarihin wuri da iyakokinsa. A Jihar Kaduna, tun daga 2015 rajistar filaye tana hannun hukumar KADGIS, izinin gini kuma yana hannun hukumar tsara birane ta KASUPDA. Takardu biyu ne daban, kuma samun ɗaya ba ya ɗauke wa mutum neman ɗayar.

Irin filin da aka nuna maka shi ake kira awon igiya, kuma arharsa tana da dalili. Mai yanka gona yana lissafin fuloti nawa za ta fitar, saboda haka duk taƙin da ya bar wa hanya asara ce a wurinsa. Sai ka tarar da layi wanda motoci biyu ba za su gifta juna ba, babu wurin lambatu, babu filin makaranta ko asibiti ko maƙabarta, babu inda za a kafa taransifoma. Ranar da unguwa ta cika, jama'a suka matsa a kawo musu titi, ba a samun inda za a shimfiɗa shi sai an ci gidajen mutane. A nan ne kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba yake fitowa fili: idan gwamnati ta karɓi wuri don amfanin jama'a, diyyar da dokar ta tanada ta abin da aka ɗora a kan ƙasa ce, kamar gini da amfanin gona da itatuwa, ba ta kuɗin da ka biya dillali ba. Wanda ya yi gini ba da izini ba kuwa, hujjarsa ta neman diyyar ma tana da rauni.

Ban ce kada ka saya ba, domin da awon gwamnati kaɗai mutane suke jira, da rabin mazauna Kaduna har yau suna haya. Amma kafin ka ba da ko kuɗin kafin alƙalami, ka ɗauki safiyo naka na kanka, ba wanda dillali ya kawo ba, ya ɗauko maka lambobin kusurwoyin filin, ka kai su KADGIS a duba taswira, a gaya maka ko wurin yana cikin filin da gwamnati ta riga ta karɓa, ko an taɓa ba wani takarda a kansa, ko hanya ce aka tsara za ta bi ta nan. Tunda wajen Rigasa ne, ka lura da tazararsa da layin dogo da kuma manyan wayoyin lantarki da ke shiga tashar wutar lantarki ta Mando, domin babban layi mai ƙarfin kilobolt 330 ana bar masa mita 25 ta kowane gefe, kuma ginin da ya shiga wannan tazara jan fenti yake jira.

Kalmar da ta fi tsaya mini a wasiƙarka ita ce gonar gado. Ka tambaya ko an raba gadon, kuma in an raba, ka nemi ganin takardar rabon daga kotu. In ba a raba ba, dole ne dukkan magada su sa hannu, har da mata da waɗanda suke aure a wani gari, kuma a san wanda yake tsaya wa marayu ƙanana. Shari'o'in filaye da yawa daga nan suke tasowa: babban wa ya sayar, bayan shekara bakwai ƙanwa ta dawo da mijinta da lauya, lokacin kai kuma ka riga ka zuba rufin kankare. Ka kuma je wurin kai kaɗai wata rana, ka tambayi maƙwabta ko an taɓa sayar da wannan fulotin ga wani, domin dillali la'adarsa yake nema, kuma ita ba ta dawowa in ciniki ya lalace. Idan duk wannan ya yi daidai, ka biya ta banki don ya zama akwai shaida, ka fara neman takardar mallaka da sunanka tun kafin ka sauke yashi.

TAMBAYA: Gidanmu ba ya kusa da kogi, kuma mun yi shekara tara ruwa bai taɓa shigo mana ba. Tun da aka cika gangaren da ke samanmu da gidaje, kowace damina sai mun kwashe kaya. Ruwan rijiyarmu ma ya sauya ɗanɗano. Me ya jawo haka, kuma wa za mu kai wa kuka? Daga wata uwargida, Hayin Rigasa.

AMSA: Hajiya, Allah ya kiyaye gaba. Ambaliya iri biyu ce a Kaduna. Akwai ta kogi, irin wadda aka gani a 2003 da 2012, wadda takan taɓa wurare kamar Rafin Guza da titin Kigo da titin Bashama. Taku kuwa ta ruwan saman unguwa ce. Lokacin da gangaren yake gona, ƙasa da ciyawa suna shanye kaso mai yawa na ruwan, saura ya gangara a hankali ta hanyar da ya saba. Yanzu kwanon rufi da daɓen siminti ba sa shan ko ɗigo, saboda haka ruwan da dā yake ɗaukar sa'o'i kafin ya iso gare ku yana isowa cikin mintoci, kuma idan wani ya cike kwarin da yake bi ya ɗora gida, ruwan zai nemi wuri mafi gangare, wanda shi ne tsakar gidanku.

Ɗaga dokin ƙofa da tara buhunan yashi suna tura ruwan ne kawai gidan maƙwabci. Abin da zai yi amfani shi ne masu gidajen layin su haɗu, su bi ruwan da ƙafa ranar da ake ruwan sama tun daga sama har inda yake faɗawa rafi, su ɗauki hotunan inda aka toshe, sannan su rubuta takarda ɗaya da sa hannun kowa, ta hannun mai unguwa, zuwa KASUPDA da sashen ayyuka na ƙaramar hukumar Igabi. Lambatun da unguwa za ta yi da aikin gayya kuma a fara shi daga ƙasa, inda ruwan zai fita, a hauro sama, domin wanda aka fara daga sama ruwa yake tarawa ya juye wa na ƙasa.

Maganar rijiya ta fi gaggawa. Masana lafiyar muhalli sukan so a bar tazarar mita 30 tsakanin rijiya da ramin masai, kuma mita 30 ɗin nan ita ce tsawon fuloti hamsin sau ɗari gaba ɗayansa, don haka a unguwar da kowane gida yake da rijiyarsa da raminsa, da wuya a sami wannan tazara, ko da ta samu a cikin gida, ramin maƙwabci yana bayan katanga. Ku daina shan ruwan ba tare da tafasawa ko sa masa sinadarin kulorin ba, musamman ga yara, ku ɗaga bakin rijiyar ku yi mata murfi da daɓe don kada ruwan tsakar gida ya koma ciki, sannan ku ɗebi ruwan a kwalba mai tsabta ku kai ɗakin gwaji a auna shi kafin damina ta kankama.