Hukuncin cike gurbin ƙashi da ƙashin da aka cire wa ƙwayoyin halitta

Tambaya: Malam, likita ya ce za a cike gurbin ƙashin da ya lalace a ƙafar ɗana da wani ƙashi da aka wanke aka cire masa ƙwayoyin halitta, na mamaci ko saniya ko alade. Shin ya halatta, kuma sallarsa za ta inganta?

Amsa: Allah ya ba yaron lafiya. Abin da likitoci ke yi shi ne su wanke ƙashin da sinadarai har ƙwayoyin halittar mai shi su fita, domin su ne jikin majinyaci ke yaƙa, sai a bar saƙar ƙashin da ramukanta, inda jijiyoyin jini da ƙwayoyin majinyacin za su kutsa su gina sabon ƙashi a hankali.

Wasu na cewa wannan wanki istihala ne, wato najasa ta rikiɗe ta zama wani abu daban, kamar giya da ta koma khal (ruwan tsami da ake kira binega). Ban gamsu da wannan ba. Manufar aikin ita ce a bar sinadarin kolajin (furotin da ke riƙe saƙar ƙashi) da tsarin ƙashin yadda suke, kuma da sun rikiɗe da aikin bai yi amfani ba. Saboda haka hukuncin yana komawa ga asalin da aka ɗebo ƙashin.

Idan daga dabbar da ake ci ne, kuma an yanka ta bisa shari'a, babu laifi ko kaɗan. Ƙashin mushe najasa ne a mashhurin mazhabar Malikiyya, amma Hanafiyya na ganin tsarkinsa in ban da na alade, kuma akwai sauƙi a nan ga mai buƙata.

Na ɗan Adam kuwa, hadisin Nana A'isha cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye ya kafa alfarmarsa, sai dai malamai sun ɗora hanin a kan wulaƙantawa. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta ɗaukar sashen jikin mamaci idan rai ko wani muhimmin aikin jiki ya rataya a kai, da sharaɗin izininsa kafin rasuwa ko na magadansa, ta kuma hana sayar da shi. Tafiya da ƙafa tana cikin irin wannan aikin.

Na alade ba ya halatta sai amintaccen likita ya tabbatar babu mai tsarki da zai maye gurbinsa, ko daga jikin yaron kansa ko wanda aka haɗa a masana'anta. Imamu Nawawi ya bayyana cewa wanda ya haɗa ƙashinsa da mai najasa saboda rashin mai tsarki yana da uzuri, don haka sallar yaron ingantacciya ce, ba kuma za a tilasta masa cirewa ba. Ki tambayi likitan asalin ƙashin tun kafin ranar tiyata. Allah ne mafi sani.