Amsa ga Hajiya mai waakye (shinkafa da wake) a Aboabo kan regileta mai murɗawa

Wa alaikumus salam Hajiya, da fatan an tashi lafiya, ya kasuwa. Kin ce ƙaninki ya aiko miki da regileta, wato abin da ke daidaita ƙarfin gas ɗin da ke fitowa daga silinda, daga Amurka haɗe da tiyonta, mai jan kai da ake murɗawa, an rubuta 0-30 PSI (ma'aunin ƙarfin matsin gas) a jikinta. Kina so ki sa ta a babban murhun da kike dafa waakye a ƙofar gida, da yamma kuma ki cire ki kai wa ƙaramin murhun tebur na kicin, sai dai bakinta ya ƙi shiga silindarki. Na ga wasu sun ce ki nemi mai walda ya haɗa miki baki kawai. Aikina ke nan, ƙera murhun gas da gyaransa a gefen Suame Magazine, unguwar makanikai da maƙera ta Kumasi a Ghana, shi ya sa na ce bari in sa baki kafin ki bi waccan shawarar.

Ƙaramin murhun kicin dai ki cire shi daga lissafi gaba ɗaya. Regiletar da muka saba da ita a gida, wadda ake dannawa ta kama kan silinda, ki duba bayanta za ki ga an rubuta 28 ko 30 mbar (shi ma ma'aunin matsi ne, mbar 1000 ne bar 1). Iyakar ƙarfin da murhun tebur ke ɗauka ke nan. PSI 30 kuwa ya ɗan haura bar 2, wato mbar sama da 2000, kusan ninki 70 na abin da aka yi wa ƙaramin murhun. Za ki ce ai sai ki murɗa kaɗan. Hannu ba ya iya auna wannan kaɗan ɗin, kuma ko ke kin iya, yarinyar da za ki aika ta ɗora ruwan shayi ba ta iya ba. Makunnin murhun tebur ba a yi shi don ya riƙe irin wannan matsi ba, gas sai ya riƙa fita ta gefen makunnin, wutar ta kama a inda hannun mutum yake. Irin waɗannan murhunan ana kawo mana su robar makunnin ta narke ta manne da ƙarfe, mai shi yana ta rantsuwa cewa murhun ne jabu. Murhun lafiyarsa lau, regiletar da aka ba shi ce ba tasa ba. A bar wa kicin regiletarsa.

Babban murhu shi ne aka yi wa mai murɗawa, amma shi ma sai an duba. Ki kifa shi ki ga inda gas ke shiga. Akwai ɗan ƙarfen tagulla mai rami a tsakiya, mu muna ce masa jet. Murhun da aka yi don ƙarfin gas mai yawa raminsa ƙarami ne ƙwarai, gas na fita da gudu yana jan iska ta wannan buɗaɗɗen wuyan da ke bayansa, shi ne kike jin yana gurnani idan an kunna. Wanda aka yi don regiletar gida raminsa ya fi faɗi. Idan kika tura wa mai faɗin rami ƙarfi da yawa, wuta za ta tashi ja tana lasar gefen tukunya, ko ta ɗage daga kan murhun ta mutu gas yana ci gaba da fita. Mafi yawan manyan murhunan ƙarfe da masu waakye da masu kenke ke amfani da su a Kumasi na ƙarfi ne, amma ba duka ba.

Sai maganar bakin da ya ƙi shiga. Silindar Amurka bakinta mai zare ne, wannan babbar robar da ke ƙarshen regiletarki ita ake ɗaurawa da hannu. Namu dannawa ake yi. Ɗaya ƙarshen tiyon ma, in kin duba, goro ne na tagulla mai zare, alhali murhunan da muke ƙerawa a nan ɗan nono gare su da ake cusa tiyo a matse da kilif. Kin ga ke nan gaba da baya duk bai dace ba. Abin da wasu ke yi shi ne su yanke tiyon, su ɗaure da waya, su yi wa bakin walda ko su naɗa farin tef su ɗaura da ƙarfi. Duk wurin da aka yi haɗi a hanyar gas wurin yoyo ne, balle haɗin da ke tsakanin silinda da regileta, inda ƙarfin silindar yake gaba ɗaya ba a rage shi ba. Ni a ganina ki ajiye ta, ki yi wa ƙaninki godiya, ki shiga Adum ko Kejetia wurin masu kayan gas ki ce regileta ta babban murhu kike so, mai murɗawa, wadda ke kama bakin silindar nan tamu. Akwai su, yawanci ja ne.  In kuma kin ƙi sai ta Amurka, to a nemi mahaɗin tagulla da kamfani ya ƙera don wannan aikin, kuma wanda ya san gas ya ɗaura, ba na walda ba.

Yanzu yadda ake sarrafa ta, don a nan ne mutane suka fi ƙona gira. Kanta ba kamar famfo yake ba. Famfo in kin murɗa dama kin rufe, ita in kin murɗa dama ƙara ƙarfi kike yi, hagu ne ragewa. Saboda haka kafin ki buɗe silinda, ki kwance kan zuwa hagu har ki ji ya saki. Sannan ki buɗe silindar a hankali, ki kunna wutarki ki kai bakin murhu tukuna, da doguwar laita ko tsinken tsintsiya, sai ki fara murɗawa dama kaɗan-kaɗan har ta kama. Wuta ce ke jiran gas, ba gas ke jiran wuta ba. Kuma a kunna kafin a ɗora tukunya, don in tukunyar kilo 25 na kai gas na taruwa a ƙarƙashinta, ashana ɗaya sai ki ji fuuu har gyale. In aka gama, silinda ake fara rufewa, a bar abin da ya rage a tiyo ya cinye wutar ta mutu da kanta, sannan a mayar da kan regileta hagu.

Kada ki ɗauka ƙarshen murɗawa shi ne ƙarshen zafi. Wutar da kike nema shuɗiya ce, zaune a kan ramukan murhu, ba ta wuce gindin tukunya ba. Duk harshen da ya fito gefe kuɗinki ne ke tafiya. In ta yi ja tana baƙanta tukunya, ba gas ne ya yi kaɗan ba, iska ce. Akwai ɗan faifan ƙarfe a bayan jet, ki buɗe shi kaɗan. In bai gyaru ba ki leƙa cikin wuyan murhun, sau da yawa zanzaro ne ya yi gini a ciki ko yanar gizo ta toshe, ko ruwan wake ya zuba ya bushe a ramukan. Tsinke da burushi sun isa. Jet ɗin kuwa kada a sa masa ƙusa wai a buɗe shi, in ramin ya faɗaɗa sai dai a sayi sabo.

Akwai wani abu da za ki gamu da shi tabbas, tunda girkinki na sa'o'i ne. A wani suna a Asawase na ga mai girkin ta ɗora jollof a murhu biyu da silinda ɗaya. Can sai wuta ta fara sanyi, jikin silindar ya jiƙe sharkaf daga tsakiya zuwa ƙasa, in ka taɓa kamar an fito da ita daga firji. Ta murɗa regileta har ƙarshe, ba abin da ya ƙaru. Sai ga wani yaro ya rungumi silindar yana jijjigawa, wata kuma ta taho da tafasasshen ruwa a bokiti, ana maganar a kwantar da silindar. Gas ɗin cikin silinda ruwa ne, gauraye na butan da furofen, sai ya zama tururi yake fitowa, kuma wurin zama tururin yana jan zafi daga jikin ƙarfen. In kina ja da yawa silindar na yin sanyi, ƙarfinta ya faɗi, regileta kuma ba ta iya ba da abin da bai zo mata ba. Kwantar da ita yana tura ruwan gas ɗin kansa cikin tiyo, shi ne wutar da ke tashi sama da mutum. Abin da muka yi ranar, muka raba wa kowane murhu silindarsa, muka tsayar da mai sanyin a baho da ruwan famfo na yau da kullum. Don haka silindar kilo 6 ba ta babban murhu ba ce. Ki riƙe ta kilo 14.5 zuwa sama, in da hali biyu, kina musanyawa.

Tiyo kuma ki sayi na gas mai kauri wanda aka rubuta ƙarfin da yake ɗauka da shekarar da aka yi shi a jikinsa, ba farin na ruwa ba. Mita ɗaya da rabi zuwa biyu ya isa ya nisanta silinda da wuta, in ya wuce haka yara da masu sayen abinci za su riƙa tuntuɓe da shi. Kilif mai sukuru a kowane baki. Kada ya bi ta ƙarƙashin murhu ko gefen kaskon da kike soya kifi da shito (yajin da ake soyawa da mai), mai da zafi su ke cin roba, ɓera kuma ya ƙarasa. Lokaci-lokaci ki lanƙwasa shi kusa da bakunan, in kin ga tsaga ko ya yi tauri, ya gama aiki. Duk ranar da aka sauya silinda a kaɗa ruwan sabulu a shafa a kan silinda da bakunan tiyo, in yana kumfa yana hurowa akwai yoyo. Yawanci 'yar robar da ke cikin bakin silindar ce ta mutu, ki sa a canza miki ita a wurin cikawa. Masu ɗora dutse a kan regileta don ta daina huci, Allah Ya shirye su.

Tunda a bakin titi kike, ki lura da kwata. Gas ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ba sama yake tashi ba, ƙasa yake bi ya kwanta a rami, ya tafi har wurin mai tsire ko mai koko da ke da garwashi can gaba. Kada ki ajiye silinda a bakin kwata ko cikin rana tsaka. Da hunturu in iska na kashe miki wuta, a kare murhun da kwanon rufi ta gefe uku, silindar tana waje ba a cikin kariyar ba. In wuta ta kama a tiyo, kan silinda za ki nufa ki rufe in hannu zai kai, in ba zai kai ba a janye mutane a kira 'yan kwana-kwana a 192 ko 112.

Ki ɗauko hoton bayan murhun naki inda jet yake, da na kan silindar, ki turo nan. In na gani zan gaya miki ko na ƙarfi ne, da irin regiletar da za ki ce a ba ki.