Wanda Ya Tura Labarin Ƙarya, Ba Shi Ya Ƙirƙira Ba, Yana Da Laifi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. An turo mini saƙon murya a WhatsApp ana zargin wata mata da alfasha, sai na tura shi wani zaure, na rubuta "ni ma turo mini aka yi". Bayan kwana biyu aka gano ƙage ne. Tunda ba ni na ƙirƙira ba, akwai laifi a kaina?

AMSA: Wa alaikumus salam. E, ɗan'uwa, akwai laifi, kuma ba ƙarami ba ne. Abin da yatsanka ya tura, hukuncinsa hukuncin abin da bakinka ya furta. Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa ba da labarin duk abin da ya ji.

Dubi ƙagen da aka yi wa Nana A'isha. Munafuki Abdullahi bin Ubayyu ne ya kunna wutar, amma Misɗahu da Hassanu bin Sabit da Hamnatu bint Jahsh, muminai ne, yayatawa kawai suka yi, kuma aka tsayar musu da haddi, bulala 80 kowannensu. Suratun Nur, aya ta 15, ta ce suna karɓar zancen da harsunansu. Da kunne ake karɓar magana, amma Allah Ya ce harshe, domin tana shigowa take fita, ba ta ko biya ta wajen hankali ba. In ba wannan ba ne halin mai danna "tura" kafin saƙon ya gama, to mene ne?

Wannan "turo mini aka yi" kuwa ba ta wanke ka. Ita ce ma shaida a kanka cewa ba ka bincika ba, alhali Suratul Hujurat, aya ta 6, ta wajabta bincike. Kai ko da labarin gaskiya ne, yaɗa shi giba ce, zargin zina kuma ba ya tabbata sai da shaidu huɗu.

Zancen haddi na alƙali ne, ba nawa ba. Abin da ke wuyanka shi ne ka tuba, ka goge saƙon, sannan ka koma wancan zauren, ba wani daban ba, ka faɗa ƙarara cewa ƙarya ce. Gogewa a ɓoye ba ta isa ba, tunda a bainar jama'a ka zubar mata da mutunci. Ka nemi yafiyarta ta hannun muharraminta. Idan hakan zai tayar da fitina mafi girma, wasu malamai sun sawwaƙe ka yi mata addu'a, kana wanke ta a duk inda aka tayar da zancen.

Wallahu a'alam.