Ciwon da ke sauka daga ɗuwawu zuwa ƙafa in an zauna

Ɗan uwa sannu, Allah ya ba da lafiya. Ka ce kana ɗinki, da ka daɗe bisa keke sai ciwo ya taso daga ɗuwawu ya bi bayan cinya har sharaɓa kamar wutar lantarki. Ni ma na sha shi lokacin da nike kabu-kabu nan Maradi. Yawanci babbar jijiyar nan ce siyatik, tana fitowa daga ƙashin baya wajen ƙugu, in faifan da ke tsakanin ƙasusuwan ya danne ta sai ƙafa ta ɗauka.

Abin da ya taimake ni, ina tashi duk minti 30 in ɗan taka, na fidda walat daga aljihun baya, da dare in gasa ƙugun da tsumma mai ɗumi. Kwanciya wuni guda kam ƙara mini ta yi.

Don Allah ka bar turamol na masu talla, kuma kar ka yarda wani ya yi maka allura a ɗuwawu a shago, jijiyar nan wurin take bi. In ya wuce sati 6 ka ga likita. Amma in ƙafar ta fara mutuwa, ko tsakanin cinyoyi ya yi dindiris, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, ranar nan ka tafi asibiti.