Wai igiya tana cin wuyanka

Na ga saƙonka, wai igiyar bainakula, wato madubin hangen nesa, tana cin wuyanka, ko za ka iya cire ta ka dinga riƙe shi a hannu ko ka jefa a jaka. Sati uku kacal da fara bina kallon tsuntsaye a fadamar Dagona har wuya ya gaji. Mu da muka yi shekara ashirin da ɗoriya muna rataye da babban bainakula samfurin 10x50 mai nauyin kusan kilo guda tun asuba har rana ta take, wa muka kai wa kuka? Ku yaran yanzu waya ce kawai ba ta muku nauyi.

Wallahi tambayar nan taka ta fama min tsohon miki. Ina da wani bainakula samfurin 8x42 da wani Bature ya bar min bayan mun gama ƙidayar tsuntsayen ruwa ta watan Janairu, irin wanda ruwa ba ya shiga, ka ɗaga shi da sassafe cikin hazo ka ga idon kirinjijiya tar kamar a tafin hannunka. Shekara shida ina riƙe da shi ko ƙwarzane babu. Rannan wani Alhaji ya zo da iyalinsa a babbar mota, ya sha shadda, ya ce in ara masa yana so ya ga gauraka da kyau. Na rataya masa da hannuna. Can na waiga na ga ya kwance igiyar, wai tana yamutsa masa aikin wuyan riga kuma ba ta kyau a hoto. Na ce ranka ya daɗe a mayar da ita, ya ce haba malam ni yaro ne? Kunya ta hana ni ƙara magana, kunyar da har yau nake biyan kuɗinta.

Na yi gaba da yaransa bakin ruwa ina nuna musu ɗinya, ashe ya ɗora shi kan bonet yana amsa waya, direba ya ja mota zai gyara fakin. Da muka dawo na tarar an sa min shi a jakarsa an zuge tsaf, har da ɗan tukuici da Allah ya saka da alheri. Washegari na ɗaga na ga zalɓe ɗaya ya zama biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Gilashin cikin da ke juya hoto ya goce, idanu biyu ba sa haɗuwa, minti biyar ka yi kana kallo kanka ya fara sarawa. Na kira shi ya ce shi fa lafiya lau ya ba ni, wataƙila dama can haka yake. Dama can! Direban ne ya gaya min gaskiya da suka tsaya shan mai a Gashuwa. Na kai wa wani mai gyaran agogo a Kano, ya buɗe, iskar da aka cika cikinsa da ita don hana danshi ta fice, damina na zuwa ya yi fumfuna. Yana nan a ƙasan akwatina, ban iya yar da shi ba.

To igiya ba ta fita, sai dai ka gyara ta. Taka ta yi tsawo ne shi yasa yake dukan cikinka yana jan wuya, rage ta ya zauna a ƙirji. Siririyar da ake sayar da shi da ita kuwa yar da ita, nemo mai faɗi mai laushi, ko irin wadda ake sawa a kafaɗu biyu ta gitta a baya kamar goyo, nauyin ya bar wuya gaba ɗaya. In za mu ratsa kacalla ka sagala shi ta kafaɗa ɗaya ya koma ƙarƙashin hammata. A kwalekwale in za ka sunkuya cusa shi cikin riga, ko ya bugi katako. A mashin cikin jakarsa a jikinka, ba a ɗaure shi a kariyar mashin, jijjiga kaɗai ta isa ta gocar da shi. Kuma ka dinga duba inda igiyar ta shiga ƙarfen gefe, nan take fara cinyewa.

Yadda ake saita shi da ido ba sai na ɓata bakina ba, ai ko ɗan firamare ya sani. Amma na ga kana goge gilashi da bakin riga cikin ƙurar hunturun nan, yashi kake gurza masa, ka daina.

Gobe biyar da rabi a bakin hanya. In na ga igiyar nan a aljihunka, ajiye min kayana ka koma gida.