Falsafar Sitowa tana koyar da bushewar zuciya ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekara 2 ke nan da gama digirina ban samu aiki ba, bara kuma mahaifina ya rasu. Wani abokina ya ce in karanta falsafar Sitowa, wai tana sa mutum ya daina jin zafin komai. Haka ne? Kuma za ta yi mini amfani?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya buɗa maka ƙofar arziki. Abokin naka ƙishin-ƙishin ya ji, bai ji zancen duka ba.

Wani malami mai suna Zeno, ɗan tsibirin Kubrus, shi ya kafa wannan makaranta a birnin Atina na ƙasar Girka, wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A wata rumfa da ke gefen kasuwa yake ba da karatu, ita Girkawa ke kira sitowa, sunan ya bi almajiransa. Amma wanda nake so ka sani shi ne Efiktetus, domin ya fi kusa da halin da kake ciki. Bawa ne a birnin Rum, gurgu, ubangidansa kuma sakataren sarki Nero ne. Bayan ya samu 'yanci, sarki Domitiyan ya kori masu falsafa daga Rum, sai ya koma garin Nikofolis na ƙasar Girka ya buɗe makaranta. Bai rubuta komai da hannunsa ba, almajirinsa Ariyan ne ya adana karatun.

Jigon koyarwarsa shi ne ka raba al'amura gida biyu: abin da ke hannunka da abin da ba ya hannunka. Niyyarka, ƙoƙarinka da yadda kake fassara abin da ya same ka suna hannunka. Lafiya, dukiya, mutuwa da hukuncin wasu mutane ba sa hannunka. Gyara takardunka, koyon sana'a da zuwa intabiyu a shirye, naka ne. A ɗauke ka ko a ɗauki ɗan wane, wannan hukuncin wani ne. Abin da ke cinye matasa da yawa, a ganina, shi ne su mayar da rashin aiki shaida a kan darajarsu. 'Yan Sitowa sun ce darajar mutum tana cikin hali huɗu: hikima, jarumta, adalci da kamun kai. Babu mai ba da aikin da zai iya ƙwace maka ko ɗaya.

Batun daina jin zafi kuwa, su da kansu sun yarda cewa hawaye, faɗuwar gaba da rawar jiki sukan zo wa mutum ba da izininsa ba, ko da mai hikima ne. Aikin hankali yana farawa ne bayan wannan girgizar ta farko, lokacin da zuciya ta fara cewa rayuwata ta ƙare. Nan za ka tsayar da ita ka tambaye ta hujja. Markus Aureliyus, ɗan Sitowa da ya mulki Rum daga shekara ta 161 zuwa 180 bayan haihuwar Annabi Isa (AS), ya binne 'ya'yansa da dama, ga annoba ga yaƙi, kuma littafin falsafar da ya rubuta lallashin kansa ne. Wanda zuciyarsa ta bushe ba ya bukatar lallashi. Ka yi kukan mahaifinka.

Sai dai ka karanta da idon basira. Mutanen nan ba su san wahayi ba, kuma sun halatta wa mutum kashe kansa a wasu yanayi, ra'ayin da ban yarda da shi ba ko kaɗan. Haƙurinsu ya tsaya ga hankali, namu yana da fatan lada da addu'a a bayansa.

Ka fara da al'adar Seneka, wani malamin Sitowa na Rum, wanda ya yi shekara 8 a kore a tsibirin Kosika. Kullum da dare, idan an ɗauke fitila, yakan bi yininsa daki-daki yana tambayar kansa inda ya yi kuskure da abin da ya gyara. Ka gwada na mako biyu. Idan kuma baƙin cikin ya hana ka barci ko cin abinci, ka faɗa wa wani babba a gida, ku je asibiti tare.